Daga wuri zuwa keso: yadda za ka gina kasuwa, kuɗi da zanen duniyar wasan labari a Legas

Wasan labari na kan tebur ba ya neman kwamfuta, ba ya neman wutar lantarki. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna, kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama bakinsa, mutum ɗaya kuma ya ja ragamar labarin. Shi ke faɗin abin da ake gani, shi ke magana a madadin sarki da ɗan dako da dodo. A nan zan riƙa kiransa madugu. Idan jarumi ya yunƙura zai yi abin da babu tabbas a kansa, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo ta raba gardama. Wanda ya fi suna a wasannin nan shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Littattafansa suna zuwa da duniyarsu a shirye: gidajen giya, sulallan zinariya, duwatsu masu dusar ƙanƙara. Ana iya wasa da su haka nan a Agege ko Idi-Araba, sai dai da wuya ɗan wasa ya ji zafin asarar kuɗin da bai san abin da suke saye ba.

Yawancin masu ƙirƙirar duniyarsu ta kansu suna farawa da taswirar nahiya da jerin sarakuna goma sha. A ganina wannan aikin baya ne. Ka fara da mudun gero da ladan ɗan dako, fada za ta zo da ƙafarta.

Mataki na farko: gari ɗaya, da dalilin zamansa

Kada ka wuce gari ɗaya a farko. Ka amsa tambaya uku a takarda: me ake kawowa, me ake fita da shi, kuma wa ke cin riba a tsakani. Misalin da zan yi amfani da shi har ƙarshe gari ne na ƙirƙira, Mashigin Kada, a bakin wani tafki mai haɗe da teku. Ayari na zuwa daga arewa da kanwa, fata da rinannen tufafi. Kwale-kwale na zuwa daga kudu da goro, manja da wuri, wato ƙwanson tekun nan da aka yi kuɗi da shi a da. Fatake ba su iya tuƙi ba, masu jirgi ba su san hanyar daji ba, don haka fatoma, wato mai masaukin fatake, da dillali su ne masu garin, ko da akwai sarki. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar kayan gwari ta Mil 12 a Legas da asuba, yana kallon yadda kwandon tumatir ke bin hannuwa daga direba zuwa dillali zuwa mai sari kafin ya isa tukunya, ya riga ya san rabin wannan darasi.

Mataki na biyu: zaɓi kuɗin garin

Tsarin Dungeons & Dragons na 2014 mai sauƙi ne: tagulla goma azurfa ɗaya, azurfa goma zinariya ɗaya. Lebura yana samun azurfa biyu a yini, gwani kuma zinariya biyu. Yana da daɗin lissafi, amma babu ƙanshin ƙasa a jikinsa. Tarihinmu yana da abin da ya fi shi ba da labari.

Wurin da aka yi ciniki da shi a ƙasar Hausa da ƙasar Yarbawa ba a tekunmu aka tsince shi ba. Daga tsibiran Maldif na tekun Indiya aka fi kawo shi, wani ta Sahara, mafi yawa ta jiragen Turawa zuwa gaɓar teku. A Legas ana shirya shi a zare, arba'in arba'in, zare hamsin ya ba da 2,000, goma na wannan kuma ya cika buhu na 20,000. A ƙasar Hausa ba a cika zura shi a zare ba, a ƙasa ake zube shi ana ja biyar biyar da yatsu, 20,000 kuma shi ne keso ɗaya. Lokacin da Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, dalar azurfa ɗaya tana canzuwa a kan wuri 2,500. A Borno an yi ciniki da gabaga, wato ƙyallen saƙa. A kudu maso gabas an yi amfani da mundayen tagulla har zuwa 1948 da 1949 da gwamnatin mulkin mallaka ta janye su. Zinariya kuwa awo ake yi da miskali, kimanin giram huɗu da kwata, kuma talaka kan gama rayuwarsa bai riƙe ta ba.

Daga cikin waɗannan ka ɗauki uku kawai, kowanne da aikinsa. Na cefane: wuri. Na fatauci da ajiya: sulen azurfa. Na manyan lamura kamar fansar fursuna ko sayen doki: keso, ko kaya irin su kantun gishiri da turmin tufafi. A Mashigin Kada na bi lissafin Barth, azurfa ɗaya wuri 2,500, don haka azurfa takwas keso ɗaya. Zinariya ka bar ta a matsayin abin da idan ya bayyana a kasuwa sai labari ya kai fada kafin la'asar.

Mataki na uku: ɗaure farashi a kan yini guda na aiki

Nan ne ginshiƙin. Lambobin da za su biyo na wasa ne, ba na tarihi ba, kai ma kana iya sauya su muddin ka riƙe dangantakar da ke tsakaninsu.

Ka ce ɗan dako yana samun wuri 100 a yini. Mudun gero wuri 20. Idan yana da mata da yara uku, mudu uku za su ci, 60 ke nan, saura 40 na cefane, itace da man fitila. Daga nan komai ya samu ma'auni. Curin fura wuri 5, malmalar tuwo da miya 10, kwana a zango 15, fito a kwale-kwale 10 ga mutum, 40 ga jaki. Ƙwaryar goro, wato ƙwaya ɗari, wuri 1,000 a bakin ruwa. Riga marar aiki azurfa ɗaya, aikin kwana 25 ke nan ga ɗan dako idan bai ci komai ba. Jaki 10,000. Takobi mai kyau 15,000. Doki keso uku, wanda ya yi daidai da ladan kwana 600.

Amfanin wannan yana fitowa a tebur. Idan attajiri ya yi wa jarumai tayin azurfa huɗu don su raka ayarinsa, ɗan wasa zai lissafa da kansa ya ga ladan kwana ɗari ne, sai ya tambaya: "Alhaji, me ke kan hanyar nan da ka ke biyan haka?" Ba kai ka ce masa akwai haɗari ba, farashin ya faɗa masa. Haka kuma idan baƙo ya miƙa wa mai ƙosai sulen azurfa, ba ta da canji, kuma kowa a layin ya gane baƙo ne mai nauyin aljihu.

Kada ka rubuta farashin abu ɗari. Ashirin sun isa. Duk abin da aka tambaya wanda ba ya cikin jerin, ka tambayi kanka kwana nawa gwani zai yi yana yin sa, ka ninka da wuri 300, ka ƙara kuɗin kayan aiki. Sannan ka tuna farashin da ke takardarka na sallamawa ne. Mai kaya zai fara da sama da haka, a taya, ya ce albarka, a ƙara, ya sallama, a nemi gyara. Amma kada a yi ciniki a kan kowane curin fura, dare zai ƙare ba a bar kasuwa ba. A ajiye tayi da albarka ga abin da ya kai azurfa.

Mataki na huɗu: ba kuɗin nauyi

Wannan shi ne abin da ya fi canza wasa, kuma shi aka fi mantawa. Keso ɗaya kayan ɗan dako ɗaya ne. A ce jarumai sun fatattaki 'yan fashi a wani kogo sun tarar da wuri 200,000. Keso goma ke nan, 'yan dako goma, wuri 1,000 kullum. Tafiyar kwana goma ta cinye 10,000 tun kafin a yi maganar abinci, kuɗin fito a kowane gulbi da gaisuwar kowane mai gari da aka ratsa ƙasarsa. Ga kuma mutum goma da suka san abin da ke kansu, kowanne da bakinsa. Fataken ƙarni na 19 sun sha wannan matsala da gaske, shi ya sa suka fi son juya dukiyarsu zuwa kaya masu tsada marasa nauyi ko dabbar da za ta tafi da ƙafarta. Ko a dokar Dungeons & Dragons, sulalla 10,000 sun kai kusan kilo 90, sai dai yawancin madugai suna kau da kai.

Daga nauyi sai canji. Wuri ya fi araha inda ake sauke shi, ya fi tsada can cikin ƙasa. Ka sa azurfa ɗaya ta zama 2,500 a Mashigin Kada, 2,000 a birnin da ke kwana ashirin arewa. Wani ɗan wasa mai kan kasuwanci, kuma a teburin Legas ba a rasa shi, zai hango ribar nan take. Ka bar shi ya gwada. Dako da fito za su koya masa dalilin da ya sa ba kowa ke yi ba, idan kuma ya ci riba duk da haka, halak ɗinsa ne.

Idan kana neman babbar masifa da ba ta yaƙi ba, tarihin Legas ya ba ka ita. Daga tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Hambug ta Jamus suka fara jibge wani wuri daban daga Zanzibar, wanda ya fi girma, ya fi araha. Kuɗi suka yi yawa, darajarsu ta zube, har ya zama dakon keso zuwa nesa yana cinye kaso mai yawa na abin da ke cikinsa. A wasanka, ka sa jirage uku su iso da sabon wuri. Mako na farko masu kaya su ƙi karɓa. Mako na biyu sarki ya ce dole a karɓa. Mako na uku mudun gero ya koma 35, ladan dako yana nan a 100. Wa ya ci bashi kafin jiragen su zo, wa ya bayar? Wa ya san suna tafe? Wannan kaɗai zai riƙe ku zama biyar. 'Yan wasanka kuma ba sa buƙatar dogon bayani, duk sun ga farkon 2023 bayan an sauya fasalin naira, takardar kuɗi ta ɓace, mutum yana da kuɗi a banki amma sai ya sayi nasa kuɗin a hannun mai POS.

Bashi ma kuɗi ne. Hausawa sun ce hanji ne, yana cikin kowa. Ka ba kowane jarumi bashi ɗaya tun ranar farko, ko ana bin sa ko yana bi. Ka sa fatoma ya riƙa ajiye amanar fatake yana ba su wasiƙa zuwa ga ɗan'uwansa a wani gari, don kada su ɗauki keso. Takarda ɗaya mai hatimi ta zama keso biyar, kuma ana iya sace ta, ana iya ƙirƙirar ta jabu, ruwa na iya jiƙa ta a fito.

Sihiri kuma ka sa masa hankali. Duk abin al'ajabin da ka saka, ka tambayi wa ya rasa sana'a saboda shi. Idan akwai mai tatso ruwa daga dutse, 'yan garuwa sun shiga uku, kuma ba za su zauna su zuba ido ba. Abu ɗaya ko biyu sun isa. A Mashigin Kada akwai kasuwar dare a kan ruwa wadda 'yan ruwa ke ci, ba sa karɓar wuri ko azurfa, sai gishiri. Wannan ya sa kantu ya fi tsada a daren da wata ya cika, kuma kowace tsohuwa a garin ta san haka.

Mataki na biyar: kuɗin da hannu zai taɓa

Lamba a takarda ba ta da zafi. Ka sa kuɗin a tebur. Ana samun wuri na gaske wajen masu sayar da duwatsun ado da kayan gargajiya, kamar a kasuwar kayan hannu ta Lekki. Guda ɗari biyu sun isa. Kowane ɗaya ya tsaya a madadin wuri 100. Wosha ta ƙarfe daga wajen masu kayan gyaran mota ita ce azurfa, ga ta da huda a tsakiya irin ta anini da kwabon da aka fara bugawa a 1907. Kwalin ashana shi ne keso. Wuri 25 wosha ɗaya, wosha takwas kwali ɗaya. Ƙananan kuɗin da ba su kai ɗari ba a rubuta su da fensir. Doka ɗaya: jarumi ba ya ɗaukar kwalin ashana fiye da ɗaya ba tare da ɗan dako ko jaki ba.

Gargaɗi: kada a watsa wuri a madadin ƙwayar ludo. Wanda ya leƙo ya ga ana watsa wuri a tabarma, duba ko caca zai fara kawowa a ransa, kuma bayaninka ba zai riski labarin ba. Kada kuma kuɗin gaske su hau teburin ko da naira hamsin ce. Idan a cikinku akwai wanda zuciyarsa ba ta kwanta da jefa ƙwaya ba, a rubuta lambobi a ƙananan katuna a zuba a hula a riƙa zara, sakamakon ɗaya ne.

Mataki na shida: zane

Kuɗin zane ba su da yawa a hannun kowa, don haka a bi tsari. Abu na farko taswirar kasuwa da unguwannin da ke kewaye da ita, a takarda A3: mashigi, zango, rumfunan goro, mahauta, marina, maƙera, rijiya, ƙofar gari. Na biyu katunan kaya, kowanne da hoton abin da farashinsa da nauyinsa. Na uku fuskokin mutum shida da za a fi haɗuwa da su. Babban hoton bango mai jarumi a kan doki shi ne na ƙarshe, idan ma an yi shi.

Sulen azurfar ya cancanci zama na musamman. Wa ya buga shi? Me ke fuskarsa? Ba dole sai kan mutum ba: kada, kwale-kwale, dagi, ko sunan gari da ajami. Ka zana shi sabo, ka kuma zana shi a goge, an ɗan yanke gefensa. Dalar Mariya Tariza ta Ostiriya, wadda ta yi yawo har ƙasar Hausa, an ci gaba da buga ta da shekarar 1780 a jiki tsawon zamani bayan rasuwar sarauniyar, saboda ita mutane suka sani suka yarda da ita. Ka ari wannan: sabon sarkin Mashigin Kada ya buga sulensa, kasuwa ta ce ita tsohon ta sani. Maƙeran farfaru kuma suna narka tsohon suna yin zobe da awarwaro, don haka kullum raguwa yake.

Wajen ado, kada ka ce wa mai zane "ka yi na Afirka". Abin da zai dawo maka da shi garkuwar Zulu ce a hannun Buzu, a gaban dalar Masar. Ka ba shi sunayen abubuwa da hotunansu: aska takwas a ƙirjin babbar riga, zankwaye a kan soro, rufin azara, lifidi da kwalkwali ga barde, ƙyallin turkuɗi bayan an buge shi, sassaƙar ƙwarya, jakar dukawa, zayyana a gefen shafi. Mutanen ruwa kuma su sami nasu kamanni, da adire da gidaje a kan turaku kamar na Makoko. Yini ɗaya a gidan tarihi na Onikan, wanda aka buɗe a 1957, ko a gidan zane na Nike da ke Lekki, da littafin zane a hannu, ya fi mako guda na laluben intanet. Launi huɗu sun wadatar: shuni, jan ƙasa, rawaya da baƙi. Ni dai na fi son zanen layi baƙi da fari, domin yana jure fotokwafi.

Abu biyu da zan hana kai tsaye. Kada a sa tsagar fuskar wata zuri'a ta gaske a fuskar mugu, a Legas kowa na zaune da kowa, wani a teburin ko kakarsa na da ita. Ka ƙirƙiri tsagar garinka. Kada kuma a rubuta aya ko sunan Allah a kan sule, laya ko kati, domin kayan wasa suna faɗuwa ƙasa, yara suna ɗauka. Idan kuna da mai ƙin hoton mai rai, taswira, kaya, gine-gine da zayyana sun isa su ɗauki duniyar, a bar fuskoki ga baki.

Mai zane kuwa, ɗaliban sashen zane na Yabatech, wato kwalejin fasaha ta Yaba, da masu rubutun allon shago duk suna karɓar irin wannan aiki. Ku rubuta yarjejeniya ko a WhatsApp ne: zane nawa, gyara sau nawa, yaushe za a gama, kuma ko kana da izinin bugawa ka sayar ko na teburinka ne kawai. Rabin kuɗi a gaba, rabi bayan an miƙa. Sunansa ya fito a jikin aikin.

Mataki na bakwai: bugu

Shomolu ce unguwar maɗaba'a. Ka je da PDF, hotuna a 300 dpi, launi a tsarin CMYK na injin bugu, da rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Ɗan littafi mai maƙala a tsakiya sai shafukansa sun rabu huɗu huɗu: 16, 20, 24. Ka duba ɓ, ɗ da ƙ da idonka a samfurin farko, domin injin da bai san su ba akwati yake mayar da su, mai bugun kuma wataƙila ba ya jin Hausa balle ya lura. Kada ka biya cikon kuɗi sai ka ga samfuri ɗaya. Taswira da katuna a yi musu leda, damshin Legas ba ya barin takarda.

Mataki na takwas: rayuwar yau da kullum

Ka rubuta yini guda na garin a layi shida ko bakwai. Wa ke fara tashi, yaushe jiragen kamun kifi ke dawowa, yaushe kasuwa ke cika, yaushe ake rufe ƙofar gari, wa ke yawo bayan an rufe. Ka sa ranar kasuwa: mutanen arewa suna lissafi da mako mai kwana bakwai, mutanen ruwa da zagayen kwana huɗu kamar na kasuwannin Yarbawa. Lissafin biyu suna haɗuwa sau ɗaya a kwana 28, ranar ce babbar kasuwa, ranar biyan bashi, ranar da ɓarayi ma ke jira. Ka sa yanayi ya taɓa farashi: gero ya faɗi da kaka, ya hau a tsakiyar damina, ayari ya daina zuwa idan gulabe sun cika.

Kowane mutumin gari layi uku ya ishe shi: sana'arsa, wanda ke bin sa bashi, da abin da yake so a wannan makon. Mai tuwo a bakin zango, sarkin pawa yana bin ta 3,000, tana neman wanda zai kai wa ɗanta saƙo a tsallaken tafki. Shi ke nan. Muryarta za ta zo idan ka riƙe yadda ake magana da ita. Jarumi saurayi zai ce "Inna, a zuba mana na ashirin", ita ta ce "Ɗan nan, na jiya fa?" A gaban sarkin kasuwa sai an tuɓe takalmi an ce "ranka ya daɗe", kuma wanda ya shiga maganar kuɗi kafin ya gama gaisuwa, ka ƙara masa farashi ba tare da ka faɗa masa dalili ba.

Ka tanadi abubuwa shida da za su iya faruwa a kasuwa, ka jefa ƙwaya ɗaya duk lokacin da wasa ya yi sanyi: an kama mai mudu mai ƙaramin ciki; jaki ya ɓalle a rumfar tukwane; maroƙi ya kama sunan ɗaya daga cikin jarumai yana wasa shi, dole a yi kyauta ko a ji kunya; an yi shelar sabon haraji a kan karofi; wata mata ta gane rigar mijinta da ya ɓace a jikin dillali; gishiri ya ƙare a gari saura kwana biyu wata ya cika. Duk wanda aka yi amfani da shi a goge a sa sabo.

Dodanni kuma, tatsuniya ta riga ta tara maka: Dodo mai tsare rijiya, kura mai magana, Gizo da wayonsa. Ba sai ka ƙirƙiri alloli ba, kuma tebura da yawa sun fi sakewa idan an bar wannan fagen gaba ɗaya.

Mataki na tara: zaman farko da abin da ke bayansa

Ƙwayoyi masu fuska ashirin irin na Dungeons & Dragons suna da wuyar samu, amma ƙwayar ludo biyu suna kowane shago. A jefa biyu a haɗa. Goma zuwa sama, an yi nasara sarai. Bakwai zuwa tara, an samu amma da hasara. Shida zuwa ƙasa, abu ya ɓaci. Daga cikin hanyoyi 36 da ƙwayoyin ke iya faɗuwa, 6 ne na farko, 15 na biyu, 15 na uku. Idan abin sana'ar jarumin ne, a ƙara masa ɗaya ko biyu. "Da hasara" ɗin nan a Mashigin Kada yawanci kuɗi ne: an tsallake tafkin, amma mai jirgi ya ninka fito.

Ku sa zaman ranar Lahadi, lokacin da hanya ta fi sauƙi ga mai tasowa daga Alaba Rago ko Obalende. Awa uku, daga bayan la'asar, a tashi don magariba a dawo a ƙarasa. Kowane jarumi ya fara da wuri 500, kayan sana'arsa da bashinsa. Aikin farko ya zama ƙarami: fatoma ya ba su huhun goro su kai tsallake kafin ya bushe, lada 2,000, a hanya kuma su gano an cusa wani abu a tsakiyar huhun.

Bayan an watse, kafin ka kwanta, ka buɗe littafin lissafi. Ka rubuta abin da kowane jarumi ya rage da shi, wanda suka biya, wanda suka ƙi biya, da farashi ɗaya da zai canza kafin zama na gaba saboda abin da suka aikata. Idan sun ƙona rumbun 'yan fashi, gero ya hau. Idan sun zubar da azurfa goma a kasuwa rana ɗaya, canji ya sauka zuwa 2,300, kuma sarkin kasuwa ya aiko dogari yana son ganinsu da safe.